Tumatirin da Aka Yi wa Saisaye

Shekara talatin da takwas ya yi yana aski a wani ɗan shago mai kujera ɗaya da madubi mai tsaga a gefe. Wasu kawunan ya fara da su suna kuka a cinyar ubanninsu, ya rabu da su sun yi sanƙo. Da gwiwa ta gaji da tsayuwa, ya sayar da kujerar, ya dawo gida da almakashi ɗaya a aljihun riga. Mutanen layi na ce masa Baba Saisaye.

A shekarar ne aka raba 'yar ƙasar da ke tsakanin kwalta da kwata, kowane gida taku goma. Sista, tsohuwar nas ɗin da ke shugabantar kwamitin layi, ta kafa sharaɗi: duk wanda damina ta wuce filinsa bai ba da komai ba, za a ba maƙwabcinsa. Shi ba tumatirin da zai shuka ne ya dame shi ba. So yake ya samu dalilin fita ƙofar gida da safe, a wuce a ce masa sannu da aiki, don rabonsa da jin haka tun ranar da ya rufe shago.

Ya shuka, ya yi banruwa, suka tashi. Kowace safiya sai ya tsuguna, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya yadda yake duba ƙeya. Duk reshen da ya ɗara ɗan'uwansa, ƙyas! Lambun ya yi kore shar, samansa a daidaice kamar tebur, har masu wucewa na tsayawa ɗaukar hoto. Na maƙwabta kuwa buzu-buzu, sun zube kan sanduna, amma ja ya fara leƙowa ta cikin ganye.

Wata rana matarsa na share abin da ya zubar, ta ɗago da wani abu a tafin hannu.

"Malam, waɗannan 'yan rawayan fa?"

"Su ke ɓata mini layi."

"Fure ne, bawan Allah! Su ne tumatirin. Wata biyu kana aske 'ya'yan tun ba a haife su ba."

Ya daɗe yana kallon tafin hannun nata. Har yau in yana ba da labarin, shi ke riga kowa dariya. "Ni da na san inda gashin kowa ke juyawa a layin nan," yakan ce, "na ɗauka tumatir ma in ya ga an gyara masa fuska zai fito don kunya."

Saura sati biyar a zo dubawa. Ya miƙa mata almakashin, ta kulle a durowa ta rataya makullin a wuya. Rassan suka samu sake, suka miƙe kowanne da inda ya nufa. Yakan tsaya a kansu da hannuwa a baya, ɗaya riƙe da ɗaya, yatsu na motsi su kaɗai. Furanni suka buɗe, ƙanana, kamar an yayyafa hasken safiya a kan ganye, shi kuwa gani yake kamar ya sallami mutum da rabin aski.

Ranar dubawa Sista ta zo da tabarau a kan hanci, ta sunkuya tana ɗaga ganye kamar mai neman jijiya.

"Baba, guda huɗu ne. Kore, kuma ko ƙwan tantabara ya fi su."

"Amma sun fito, Sista."

"Sun fito. Bakwaini ne, amma za su rayu. Filinka na nan sai baɗi."

Ya saki hannuwansa, ya share gumi da hula. Sannan ya matsa kusa da matarsa, ya rage murya.

"Bari in ɗan rage na gefen titi kawai, Maman yara. Ɗan kaɗan."

"Ka bari su nuna tukuna," ta ce. "In hannun ne ke ƙaiƙayi, ga kanka nan."