Mariamu da Ƙwallon Dabino

Mariamu 'yar Maraɗi ce, amma a Agege ta tsufa. Fura take damawa a bakin titin jirgi, kuma duk matar da za ta asibiti hoton mama, ita ake aika wa.

Shekarar da soja suka koma bariki, Ummata ta ji wani kullutu a mamanta na hagu. Aka tura ta hoto a wani asibiti da ke Ikeja. Na'urar tana da faranti biyu da ke matse mama don kada ya motsa. Da na sama ya fara saukowa, Umma ta janye jiki, ta yafa mayafinta ta dawo gida. Ta rantse ba za ta koma ba, kullutun kuwa yana nan.

Mariamu ta zo da curin fura da marafan samira biyu. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina jin su. Ta cusa ƙwallon dabino cikin furar, ta mulmule.

"Yaya Najiba, ina ƙwallon?"

"Yo ni na sani? Ke kika ɓoye."

Ta sa furar tsakanin marafan, ta matsa a hankali, ta buɗe. Furar ta baje, ga ƙwallon a fili.

"Haka lokotoro, likitan nan, yake son ganin abin. In kuma allura zai sa ya ɗebo, ba ya son ya zille masa."

Umma ta ce, "Ga furarki nan duk ta tsage. Haka nawa zai yi?"

"Abin da ya jure haƙoran Ridwanu ne faranti zai fasa?"

Da jin sunana na sunkuyar da kai, su kuwa suka yi ta dariya. Sai Mariamu ta gaya mata cewa ita ma an taɓa matsa ta, da sanyi da zafi, amma kafin ka gama salati an sake ka.

Washegari suka hau motar danfo tare. Umma ta tsaya cak aka ɗauki hoto, ta kuma tsaya ranar allura. Kullutun ya zama ba na ciwon daji ba ne, aka cire shi.

Har yau Mariamu tana bakin titin jirgi. Marafan suna ƙarƙashin teburinta, sun lotsa. In Umma ta aika sayen fura, sai ta ce a gaya mata ban da ƙwallo.