Kwana Goma Sha Tara da Muka Riƙe Kawu

Ranar Talata, 11 ga Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ranka a gado na shida na sashenmu, inda ake jinyar waɗanda rai ke hannun Allah. Ba zan rubuta sunanka ba, tunda mutanenka, 'yan ƙabilar Warlpiri, ba sa ambaton sunan mamaci. Kawu nake kiranka shekara goma sha huɗu, kuma a haka zan tsaya.

Kai ne tafintan asibitinmu. Lokacin da na zo daga birnin Melbourne, sabuwar nas mai rawar kai, ka same ni na tsare wata tsohuwa da ido ina jero mata tambayoyi. Ka ja ni gefe ka ce, "Ke 'yar birni, jinya kike ko bincike? Zauna kusa da ita, ki kalli bango, ki bari shayinta ya huce." Kai ne mai tura gadon majinyaci zuwa tsakar gida don ya ga rana. Sau nawa ka tayar wa likitoci da hankali har sai da aka samo jirgi, aka mayar da wanda magani ya ƙare masa ya cika a ƙasar kakanninsa?

Abu ɗaya ka yi ta nanata mana har muka gaji da ji: kada a tambayi mutum ɗaya ko a kashe na'urar numfashi. Wannan magana ta dattawan dangi ce, a zaune, gaba ɗaya. Wanda ya faɗe ta shi kaɗai, shi za a ce ya kashe.

Da jini ya fashe maka a ƙwaƙwalwa, hoto ya nuna ba sauran dawowa. Ruwan sama ya yanke hanyar ƙauyenku, dattawa ba su iso ba. Sai babban likita ya kira 'yarka Valda cikin ɗan ofis, ita kaɗai, ya yi mata tambayar nan ta kashe na'ura. Ta sunkuyar da kai ta ce a ci gaba. To me za ta ce?

Na bi shi na ce, "Likita, ba ita ke da wannan magana ba. A aika jirgi ya ɗauko manya." Ya ce, "Sunanta ne a takarda, Sista, kuma ta amsa." Na yi shiru na koma bakin aiki. Shirun nan ne ke ci mini rai har yau.

Kwana goma sha tara ina juya ka duk bayan awa biyu, ina zuƙe maka majina da roba, ina rubuta awon jininka kamar akwai inda za mu. A ɗakin shan shayi kowace nas ta san ba jinya muke ba, wahalar da kai muke. Da mun fito kuma sai mu ƙara maka allura. Ranar da zuciyarka ta tsaya, doka ta ce a danna ƙirji, tunda an ce a ci gaba. Ni na danna, Kawu. Na ji haƙarƙarinka biyu sun karye a ƙarƙashin tafin hannuna.

Dattawa sun iso washegari, motarsu duk taɓo. Babbansu ya tambaye ni, "'Yata, ya nemi a kai shi gida?" Na'ura ce a bakinka tun ranar farko.

Valda, ina miki ta'aziyya, ke da 'yan uwanki da dukan dangi. Ba laifinki ko kaɗan, kuma na faɗa wa dattawa haka da bakina. Allah ya ba ku haƙuri.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ka huta, ya saka maka da alherin duk wanda ka mayar gida da ransa. Jibi jirgi zai kai ka ƙauye a cikin akwati. Allah ya yafe mana, mu da ka koya wa abin da ya kamata.