Shekarar da Maiwa Ta Ƙare a Gidanmu

Ranar kasuwar Goronyo da ta wuce, ina ratsawa ta layin masu hatsi, sai na ga wani dattijo zaune da ɗan ƙaramin buhu a gabansa. Ban yi niyyar tsayawa ba, don albasata tana can tana jiran dillali. Amma ƙwayar da na hango ba ta yi mini kama da gero ba. Na durƙusa na tsoma hannu, na ɗebo na kai hanci. Maiwa ce. Na tambaye shi daga ina, ya ce daga kudu aka kawo masa, nan wajenmu wa ke shuka ta yanzu? Na mayar masa da abinsa, na miƙe da ƙyar saboda gwiwa. Ƙamshin nan bai rabu da ni ba har na isa gida.

In kai yaron yanzu ne, mai yiwuwa ba ka san maiwa ba. 'Yar'uwar gero ce, sai dai ita ba ta gaggawa. Za a girbe gero, a gasa tumu a ci, ita tana nan tsaye kore shar. Sai damina ta fara janyewa, raɓa ta fara sauka, sannan take yin ido. Duk wanda ya shuka maiwa ya amince ne cewa ruwa zai kai ƙarshen lokacinsa. Kakana, mahaifin babana, haka ya amince duk tsawon rayuwarsa.

A wani ƙaramin ƙauye na tashi, a yankin Lahodu cikin ƙasar Wurno. Mu mutanen tudu ne, ba mu da gulbi kusa, abin da sama ta ba mu shi muke ci. Gonarmu tana gabas da gari, kuma ba ka hango ƙarshenta saboda itatuwa. Akwai gawo manya manya, akwai kanya da muke tsintar 'ya'yanta, ga wata tsamiya a tsakiya inda ake ajiye kwanon fura. Da rani shanun Fulani sukan kwana ƙarƙashin gawon suna cin 'ya'yansa, su bar mana taki. Da damina kuwa in ka shiga gonar da hantsi, sanyin ƙasa ne ke fara taɓa maka tafin ƙafa.

Kaka ba shi da sarauta, ba kuma malami ba ne. Amma in bazara ta tsananta, hadari ya fara haɗuwa, magidanta ba su ɗaukar sungumi sai sun biyo ta zaurensa. In an yi ruwan farko, bayan sallar asuba za ka ga takalma jere a ƙofa. Shi kuwa ba ya amsawa nan take. Sai ya fita ya duba ko shamuwa ta iso ta fara ɗaukar tsinke, ko gawo ya fara zubar da ganye, ko iska ta juyo. Sannan ya tsuguna ya tona ƙasa da hannu, ya ji inda laima ta tsaya. Wani lokaci ya ce a dakata, ruwan yaudara ne. Wani lokaci ya kaɗe hannu ya ce, "Ku tahi ku shibka." Babana ya ce tun tasowarsa bai taɓa ganin maganar ta faɗi ƙasa ba.

Shekarar da nake ba ka labari, ni ne nake bin bayansa wajen shuka. Shi yana gaba yana sara da sungumi, ni ina biye da ƙoƙon iri, in zuba in rufe da diddige. Abokina yake ce mini, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki. In na zuba da yawa sai ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Abokina, hannunka ya cika nauyi." Har yau ban san yadda yake ganewa ba.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi. Shamuwa ta zo, gawo ya tuɓe, laima ta kai wa Kaka har wuyan hannu. Ya ce a shuka, gari ya watse gonaki. Shuka ta fito tsaf, layi layi, kamar an zana. Daga nan sai sama ta rufe. Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, sai iska ta zo ta ɗauke shi. Rana kuwa irin wadda tsofaffi suka ce ba su santa ba a wannan lokaci. Ganyen shuka ya murɗe, ya yi fari, ya kwanta.

Aka sake samun ruwa, aka sake zuwa zaure, ya sake cewa a shuka. Wannan ma ta ƙone. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara, har da awaki. Na tuna zafin yashi a goshina lokacin sujada.

Da ruwa na uku ya zo, lokaci ya riga ya ja. Kowa ya nemi gero mai saurin nuna. A ɗakin Kaka kuwa saura damin maiwa guda, zaɓaɓɓun zangarnu da ya rataye kusa da rufi inda hayaƙi ke kore ƙwari. Irin ya gada ne daga mahaifinsa. Da safe ya sa aka sauko da shi. Babana ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakin, kansa a ƙasa.

"Baba, da a bar wanga har baɗi. Damana ta yi nisa, ba ta kaiwa."

"Tana kaiwa," in ji Kaka. "Ruwan da ya makara hwarko, makara shikai ƙarshe. Haka munka sani."

Ba a musu da Kaka a kan ruwa. Muka shuka ta, ni da shi, a gefen tsamiya.

Ta fito, ta yi tsawo har ta wuce kan babana. Ta fitar da kai. Sai ruwa ya ɗauke tun kafin lokacinsa, raɓar ma ba ta sauka yadda aka saba ba. Wata safiya muka je ni da Kaka, ya karyo zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, tafin ya rage ba komai. Ya karyo wata daga wani layi, ya murza, ya hura. Ya yi ta bin gonar yana haka har rana ta take. Ni ina biye da shi. Da muka juyo gida, shi ne a baya, ni a gaba.

Geron da aka samu a garin bai taka kara ya karya ba. Mutane kuma sun yi asarar iri sau biyu a kan maganar mutum ɗaya. Ba wanda ya zo ya faɗa masa a fuska. Amma wani maƙwabcinmu ya ce a ƙofar masallaci da bai saurari tsoho ba da yanzu yana da abin ba iyalinsa, kuma maganar ta iso gida. Kaka ya daina shimfiɗa buzunsa a zaure, ya koma da shi cikin gida bayan rumbu.

Kafin tsakiyar rani rumbunmu ya nuna ƙasa. Inna takan haɗa ɗan garin da ya rage da dusa, ta cika tukunya da ganyen tafasa busasshe. Ƙanwata, wadda aka yaye a shekarar, ta daina kuka, sai dai ta zauna tana kallon mutane. Muka sayar da awaki, muka sayar da jaki. A lokacin ne wata babbar mota ta fara shigowa daga Sakkwato, masu ita suna sayen itace suna kai wa gidajen burodi. Sun fi son manyan itatuwa masu daɗewa a wuta.

Babana ya daɗe bai kula su ba. Ran da ya yanke shawara, ya sami Kaka bayan rumbu, ina zaune kusa ina gyara masa igiyar guga.

"Baba, zan sare icce na gona."

"Wane?"

"Duka wanda sunka so."

Kaka ya dube shi. "Ka san mi gawon ga ka yi ma gona? In ka kai shi ƙasa, iska za ta shigo ta kwashe ta."

"Na sani, Baba. To mi zan ba ɗiya su ci?"

Kaka ya juya ya dubi inda ƙanwata take zaune a kan tabarma. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Gatarinka ba shi da kaihi. Ɗauki nawa."

Gawo ba ya faɗuwa da sauƙi. Tun daga cikin gari ake jin sara, sannan a ji shiru, sannan ƙasa ta girgiza. Ba mu kaɗai ba ne, kusan kowane gida ya sare nasa. Ni aikina jan rassa zuwa bakin hanya. Da yamma babana ya shigo da masara a buhu, Inna ta tuƙa tuwo, muka ci muka ƙoshi, ƙanwata ta yi barci da loma a hannu. Itatuwan nan su suka fitar da mu daga wannan rani da ranmu. Tsamiya ce ta ƙarshe.

Abin da Kaka ya faɗa bai ɓata lokaci ba. Damina ta gaba, iskar da ke zuwa gaban hadari ta sami fili fetal. Ta kwaso yashi ta binne shuka, wadda ba ta binne ba ta yanke ta kamar da wuƙa. Shanu suka daina kwana a gonar tunda ba inuwa ba abinci. Ƙasar da na sani baƙa-baƙa ta koma fara. Wani saurayi da bai ji abin da ya faru ba ya taɓa zuwa tambayar Kaka ko a shuka. Kaka ya ce masa, "Ɗana, tambayi wani. Wagga sama ba ita na sani ba." Bai yi shekaru da yawa bayan haka ba ya rasu.

Da na yi iyali, tudu ya kasa riƙe mu. Na gangaro fadama wajen Goronyo na kama noman albasa, daga baya na ɗauko babana ya dawo wurina. Na zaci na tsere wa sama tunda ga ruwa a ƙasa. Ban tsere ba. Wata shekara gulbi ya cika ya haura ya shafe gonaki da gidaje, har mutanen Rabah muka ji suna kwashe kaya a kwalekwale. Wata shekarar kuma a kira masu haƙa su ƙara wa rijiyar gona zurfi. Albasar da muke adanawa a rudu, wato rumfar kara mai shan iska, da takan jira har ta yi daraja. Yanzu zafi ke dafa ta a ciki, ka buɗe wari ya buge ka.

Bazarar bana zafin ya kwantar da babana. Ya tsufa ƙwarai, ba ya gani sosai. Da rana mukan fito da shi ƙarƙashin darbejiya, a jiƙa zane a lulluɓa masa, kafin a jima ya bushe. 'Yata ta fari, wadda ke koyarwa a wata firamare a Wurno, ta zo duba shi. Tana yi masa fifita ya ce shi dai bai san wane zunubi aka yi ba da duniya ta zama tanda. Sai ta ce masa abin yana da suna, ɗumamar yanayi ake ce masa. Ta ce hayaƙin masana'antu da motoci da jirage, mafi yawansa daga manyan ƙasashe masu nisa, shi ya taru a sama ya zama kamar bargo, zafi ya shigo ya kasa fita. Shi ya rikita lokutan ruwa a ko'ina.

Babana ya juyo da kansa wajenta. Ya ce, "Ashe ba gatarina ba ne?"

Ta ce, "Har da shi, Kaka, amma naku kaɗan ne ƙwarai. Tun kahin ku sare icce abin ya hwara."

"To da tsohona ya ji wagga magana. Ya tahi shina ganin idonai ne ya lalace." Ya numfasa. "Su masu hayaƙin, sun san abin da shika yi muna?"

Ta ce sun sani, sun daɗe da sani, kullum taro ake yi a kai.

"Sun sani, kuma ba su bari ba?"

Ta ce ba su bari ba.

Na jira in ji ya yi musu Allah ya isa, don ni abin da ke bakina ke nan. Bai yi ba. Ya gyara zanen a ƙirjinsa ya ce, "Ni ma na sani, ran da na sara." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ni ɗiyata ce ba ta ci ba. Su ban san mi ya same su ba."

Na daɗe ina juya wannan magana, ban kai ƙarshenta ba, kuma gaskiya na gaji da juyawa. Shekaruna sun kusa na Kaka a lokacin da nake bin sa da ƙoƙo. A rediyo ana cewa mu dasa itatuwa, mu rage ƙone-ƙone. Na dasa, wasu sun kama, awaki da zafi sun cinye sauran. 'Yata ta ce akwai injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, na je na gani a kasuwa, na taɓa shi, na dawo.

Gobe da sassafe zan ɗaura jarkar fetur a bayan babur in gangara fadama, don albasa ba ta jure ƙishi. Zan tsuguna in ja igiyar tsohon injina, ya yi tari, ya tofa mini baƙin hayaƙi a fuska kamar kullum. Da ban san inda hayaƙin yake zuwa ba. Yanzu na sani. Zan kawar da kai, in jira ruwa ya taso.