Na'urar da Ta Ɗauka Na Tashi

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku, abin da zan faɗa a kaina ya faru.

Shekarar da kogi ya fasa jinga ya kwanta a kan shinkafarmu, ɗana na fari yana kwance, kaifin ciyawar ruwan nan, kachala, ya yanke shi a ƙafa, ƙafar ta ruɓe. Sai aka yi shela cewa za a ɗauki sunayen manoma a Kirikasamma, a ba su iri da injin ban ruwa don noman rani. Wanda bai shiga ba, ba shi da rabo. Gidansa baki ne da yawa, rumbu kuma ruwa ya wanke. Na shiga kwale-kwale na tafi a madadinsa.

Rana ta take kafin layi ya zo kaina. Mai ɗaukar sunayen wata baiwar Allah ce 'yar Filato, mai fara'a, da na'ura kamar faranti a hannunta. Ta gaishe ni da kyau, ta ce kada in yi nawa. Wai na'urar tana magana da wata babba a can nesa, ita babbar kuma ba ta ganin mutum, taɓawa kawai take ji. In aka jima ba a taɓa ba, sai ta ɗauka mutum ya tashi, ta rufe, duk abin da aka zuba ya zube.

Ta tambayi gari na faɗa. Ta tambayi gona na faɗa. Sai ta ce, "Iya, sunan mai gonar?"

Tun da na haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗan fari ne. Uwata haka ta yi da yayana har ta koma ga Allah. Na ce mata yaron ne, babban. Ta yi dariya ta ce na'ura ba ta san babban ba. Maƙwabciyata da muka zo tare, wadda da ita za ta faɗa, ta shiga kasuwa sayen kanwa. Maza a bayana suka fara tsaki, wani ya ce tsohuwa ta zo neman iri ta manta wanda ta haifa.

Yarinyar nan ta gane. Ta ajiye na'urar a cinya, ta matso, ta ce, "Kada ki faɗa, Iya. Ni zan riƙa kira, in na dace ki ɗaga kai." Ta yi ta jero sunaye a hankali, ina girgiza kai, har ta faɗo shi. Na ɗaga kai, hawaye na zuba.

Ta ɗauki na'urar, gilashin ya koma fari. Na'urar ta riga ta rufe.

Yarinyar ta yi ta dannawa, ta hau benci ta ɗaga ta sama, sabis ya ɗauke. Muka zauna har la'asar sakaliya bai dawo ba. Motarsu ta zo, aka ce gobe garin Malam Madori za su. Ina zaune a gabanta, ina numfashi, zanina jiƙe da ruwan kogi, wani abu da bai taɓa ganina ba ya yanke cewa na tashi. Girmamawar da ta yi mini ita aka lissafa a matsayin ba kowa a wurin.

Yarinyar, an ce daga baya an mai da ita Dutse, Allah ya yi mata albarka. Maƙwabciyata ta samu iri da sunan mijinta, ta ɗibar mana kwano, bai kai ko kusurwar gona ba. Mai tsakin nan injinsa har yau yana ƙara a fadama. Ɗana da ƙafar ta warke ya jinginar da gonar ya tafi kudu yin dako, yana aiko da gaisuwa lokacin salla. 'Ya'yansa suna wurina, ni nake dafa musu.