Gezar Dardumar Baba

Har yau in na ga almakashi a hannun maigidana sai raina ya ɓaci.

Dardumar nan mahaifina ya saye ta a Makka wajen wani alhajin Iran, tun ba a haife ni ba, kuma ko a lokacin tsohuwa ce. Saƙar hannu ce ta ulu, ja mai duhu da shuɗayen furanni. In ka juya bayanta sai ka ga ƙananan ƙulli kamar ƙwayar gero, kowanne da yatsa aka ɗaure shi. Bayan rasuwar Baba, Inna ta tsallake yayyena maza uku ta ba ni ita na taho Abuja, wai ni ce mai kula da kaya.

Shekara shida tana lafiya lau, sai ranar da darektan su maigidan zai zo cin abinci. Na dawo daga kasuwa na tarar da maigidan, bawan Allah, durƙushe a falo, ya aske gezar dardumar tas, gefe biyu, har da ɗora rula don layi ya miƙe.

"Baban yara, me zan gani haka?"

"Gyara na yi. Zaren ya yi dauɗa kamar tsumma."

Gyara! Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai taɓa ɗinkawa ba. A zatonsa ado ne aka liƙa a baki, irin na kafet ɗin ofishinsu. Alhali gezar ita ce ƙarshen zaren tsaye, wanda duk ƙullin ke ɗaure a kansa. Kafin sati, in na yi shara sai in ga jan ulu a bakin tsintsiya.

Na kinkime ta har Wuse wajen wani dattijo Bakano mai sayar da dardumai. Ya duba, ya yi salati, ya ce masu wannan saƙar ba sa ƙasar nan, iyakarsa ya daje bakin da allura ta daina warwarewa. Layin furanni guda ya riga ya tafi.

Wallahi na yi ta fargabar zuwan Inna. Da ta zo, maigidan har da jawo kujeru ya rufe gefen biyu. Ta zauna a ƙasa yadda ta saba, ta zura hannu ƙarƙashin kujera ta shafa bakin. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Sai da ta shanye shayinta ta ce, "Naɗe min ita, da ita zan koma Zariya."