Ranar da Aka Ce wa Sarkin Ihu Ya Rage Murya

Mijina mai gyaran fanka ne, amma in ka je layinsu ka tambayi mai gyaran fanka, sai a tsaya ana kallonka. Ce Sarkin Ihu, ko yaro zai nuna maka shagonsa. Tun kafin ya aure ni shi ke jan waƙar 'yan kallo a tsohon filin ƙwallo. Bayan raga yake tsayawa, kan wani bencin siminti da ya tsage, ganga rataye a kafaɗa. Ya ɗaga murya, dubban mutane su amsa. Ya dawo gida murya a dishe, ni kuma in tashi dafa masa ruwan zafi ina mita. Ranar da na haifi 'yarmu ta fari ma sai da aka je fili aka janyo shi, yana cewa a bari a buga fanareti tukuna.

Da za a rushe tsohon filin, sakataren kulob ya zo har falonmu. Abokinsa ne tun suna yara. Ya zo da wasu samari da na'urar ɗaukar murya, ya ce, "Sarki, rera mana waƙoƙin nan duka, don tarihi. Sabon fili kuwa, wurinka na nan bayan raga. Ni na faɗa maka." Bawan Allah ya yi ta rerawa yana sharce gumi har yamma.

Aka gama gini, gayyata shiru. Ya kira sakatare, ba a ɗauka. Kullum yana kare shi, wai aiki ne ya yi masa yawa. Da aka fara zagayawa da mutane su ga filin kafin wasan farko, ya sayo mana tikiti, ya saka tsohuwar rigar kulob, ya goge gangarsa.

A ƙofa aka karɓe gangar, wai doka ce. Aka jingine ta a ɗakin masu gadi.

Wurin dai ya haɗu, ba zan yi ƙarya ba. Wata budurwa mai jagorantar baƙi ta shiga da mu ɗakin canza kaya, kowane ɗan wasa da kabad ɗinsa da fitilarsa. Ciyawa shar, ruwa na fesowa daga ƙasa da kansa. Mijina baki har kunne, yana shafa bango kamar shi ya gina, yana ta zungurina: "Kin gani? Kin gani?"

Sai muka zo bayan raga. Ya tsaya yana dube-dube. Ɗakunan gilashi ne a jere, da kujeru masu laushi da firji.

"'Yata," ya ce da budurwar, "masu waƙa fa, ina za su tsaya?"

"Ai Baba, nan na manyan baƙi ne. Ba a tsayuwa a filin nan, ba a shigowa da ganga. Amma an tanadi komai. Ku saurara."

Ta danna wani abu a hannunta. Murya ta tashi daga kowace lasifika. Muryarsa ce! Har da ɗan tarin da yake yi kafin ya ja baiti na biyu. An haɗa masa amshin jama'a da kiɗa.

"Da an ci ƙwallo sai a danna," in ji ta.

Wani cikin baƙin ya tambaya wane ne mawaƙin. Ta ce wani tsoho ne daga tsohon fili, ta ji kamar ma ya rasu.

Wallahi nan take na juya wajenta. Na buɗe baki zan wanke ta tas, mijina ya riƙe mini hannu. Kuma da gaskiyarsa, me yarinyar ta sani? Sakataren da ya ci amanar yana can ofis yana shan sanyi.

Waƙar ta ci gaba. Na ga leɓen mijina na motsi. Can sai ya rufe ido ya kama bin ta, a hankali da farko, sannan muryar ta buɗe yadda na san ta, har jijiyar wuyansa ta tashi. Mutane suka fara waiwaye.

Wani mai gadi ya matso ya taɓa kafaɗarsa. "Baba, don Allah rage murya. Mutane na son jin waƙar."

Ya buɗe ido ya dube shi. Ya ce, "Yi haƙuri, ɗana."

Shi ne ma ya ba da haƙuri! Wannan kam har yau na kasa haɗiyewa.