Asara Kaɗan, In Ji Littafi

Na Allah ne mu, kuma can za mu koma. Ranar Laraba, bakwai ga watan Safar, da hantsi, Mai shi Ya karɓi abinsa. Mijina Saja ya cika a kan kujerarsa ta bakin ƙofa, shayinsa bai ma huce ba. Ni ban yi karatu ba. Babbar 'yarmu ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata abin da ya fito bakina shi za ta sa, kar ta yi masa kwalliya.

Malam, maigidana, da kai nake. Unguwa ta san ka da tsohon soja mai ƙunar fuska, wanda yatsunsa suka manne wuri guda. Sun san ranar da tukunyar gas ta kama a shagon tela, kowa na gudu yana salati, kai ka jiƙa bargo ka faɗa ciki, ka fito da matarsa a kafaɗa, gemunka na hayaƙi. Babu rishon da ya lalace a layin nan da ba ka gyara kyauta ba. Abin da ba su sani ba, tun da na shigo gidanka ba a taɓa gasa nama a ciki ba. In ƙaurin ya taso daga maƙwabta, sai ka zaga baya ka yi ta amai.

Direban tankar yaƙi ne kai. Faɗan da ya ƙona ka bai kai yini ba. Da safe aka fara a bakin wata gada, kafin azahar an gama. Ku huɗu ne a tankar, kai kaɗai ka fito. Tun daga nan kake neman littafin da ya ba da labarin wannan safiya. Manyan nan masu kaurin bulo ka ce janar-janar ne kawai a ciki, sai taswira. Kai ƙanana kake so, masu ɗaukar faɗa guda su bi shi tanka-tanka, wa ya shiga, wa ya fito, wa ya ƙone. Kullum maganarka ɗaya ce: “Mutum uku ba za su narke kamar kitse ba, a rasa takardar da ta ambace su.”

Da idonka ya mutu, neman ya dawo kaina. Kai ka iya karatu ba ka gani, ni ina gani ban iya karatu ba. Ka ce in je layin masu tsofaffin littattafai a bayan tasha, in riƙa duba hoto. “Motar da ba ta da taya, a kan sarƙa take tafiya.” Na je, na samu, na rungumo shi har da rangaji. 'Yar nan ta karanta maka bangon, ashe katafilar gyaran titi ce. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

“Sannu, Hajiya Janar! Yau kwalbati za mu kai wa hari?”

Na ce, “Kai ka ce sarƙa.”

“Hancin fa? Tanka ba dogon hanci ai amarya ce ba kai!”

Sunan ya bi ni har kasuwa. Ina shiga layin sai su ce ga Janar nan, a fito da masu hanci.

Wata rana mai littattafan ƙarshen layi, wani mai gilashi, ya aiko ya ce ya samo. Littafin ɗan siriri ne, na gajerun faɗa kawai, kuma sunan gadarku na ciki. Ka sa rigar Juma'arka, ka dafa kafaɗata muka tafi. Mutumin ya buɗe, yana karantawa yana juya mana da Hausa. Labarin ko rabin shafi bai cika ba. Ƙarshensa ya ce an karɓe gadar, asara kaɗan.

Ka ce, “Maimaita.”

Ya ce, “Asara kaɗan, Baba.”

Ban ga tashinka ba, sai ganin tebur na yi a sama. Ka shaƙo wuyan bawan Allah da wannan hannun naka, gilashinsa ya tarwatse, idonsa ya firfito. Ka yage rigarka har cibiya kana ihu, “Karanta nan! Karanta nan, ka ce mini kaɗan!” 'Yan kasuwa suka ɗauka mahaukaci ne, suka rufe ka da duka. Wani ya rafka maka katako a ƙeya, jini ya wanke maka baya. Na shiga tsakani, gwiwar hannun wani ta cire mini haƙorin gaba. Har yau gurbin na nan. Washegari ka koma da rawanin bandeji, ka durƙusa kana lalube kana tsince masa sauran littattafansa daga kwata, kana ba shi haƙuri. Shi ne ya riƙe gaban makararka ranar Laraba.

Ranar dukan, ina wanke maka ciwo, ka ba ni labarin da bakinka. Sau ɗaya tak. Daga baya ka sha gwada faɗa wa 'yarka ta rubuta, amma da kun iso gada sai ka ce ta ajiye biro. To ni yau ba za a ajiye shi ba.

Ka ce kuna hawa gadar harsashin igwa ya huda gefen tankar kamar ƙusa a gwangwani. Ba ka ji ƙara ba, haske ka gani. Ka waiwaya, kwamandanku na tsaye a mazauninsa, daga ƙirji zuwa sama babu. Wani abu mai ɗumi ya cika maka baki, ka tofar. Mai harbi yana dukan murfin sama da kansa, murfin ya cije, gashinsa na ci da wuta, yana kiran uwarsa. Man tankar ya kama da wuta ko'ina.

Ga 'yar nan ta ajiye biro tana kuka, wai Inna ba a sa irin wannan a ta'aziyya. Na ce ubanki ne ko uban wani? Ɗauki ki rubuta.

Ka fita ta murfin direba, rigarka na ci. Sai ka koma, ka zura hannu cikin wutar, ka kamo hannun mai loda harsashi, ka ja da duk ƙarfinka. Fatar hannunsa ta saɓule ta biyo ka kamar safa, shi ya zauna a ciki. Yana kallonka. Sannan harsasan cikin tankar suka fara tashi, suka wurga ka ƙarƙashin gada. A nan yatsunka suka manne.

Yanzu rubuta su, da sunan da ubanki yake kiransu. Tsoho, kwamanda, mai raba biredinsa gida huɗu ya ɗauki ƙaramin. Mai Ido, mai harbi, da ba ya kuskure amma yana tsoron ƙadangare. Ango, mai loda harsashi, da bai gama sanin girkin matarsa ba aka kira shi. Uwar Angon nan, Malam, duk wata sai ka hau mota ka je gaishe ta, har ta rasu ba ta san kai ne ka riƙe hannun ɗanta ba.

Karanta mini in ji. Yauwa, haka ne.

Malam, na samo maka littafin. Ba shi da hoto, amma ku huɗu duk kuna ciki, kuma babu inda aka ce kaɗan.

Ina yi wa 'ya'yanmu gaisuwa, da ƙannenka, da mai gilashi, da iyalan mutanen nan uku duk inda wannan takarda ta same su. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya shi. Ya Ubangiji, naman bayin nan naka huɗu wuta ta riga ta ci rabonta tun a duniya. Kar Ka ƙara ba ta. Amin.